Kunyar Ɗiyar Fari

Ina tsakiyar tonon aya surukina ya kira. Wayar ta matar ɗana ce, ita ta biyo ni da ita har gamanata, wato ƴar gonar da aka yanka mini tun maigida yana da rai. Na karɓa hannuna duk ƙasa. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi gona, ya tambayi awaki, har na gaji na ce mishi, "Malam, in mutuwa aka yi ka faɗa mini, rana tana yi."

Ya ce ba a mutu ba. Ya ce, "Inna, jikin mai ɗakina ne. Da kin zo kin gani da idonki."

Mai ɗakin nashi ɗiyata ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don ko da baki ban taɓa faɗin shi ba. Haka muka tashi muka iske. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ba ta cin abinci kwano ɗaya da shi. In an tambaye ta ɗan wa ne, sai ta kau da kai. A garinmu, nan kusa da Gangara, har misali ake yi da ni a kan wannan kunya. In ina son kiranta sai in ce "ke". Ita kuma Yaya take ce mini, har yau da ta haura arba'in, da ƴaƴanta shida.

Tun bara nake jin labarin ba ta jin daɗi. An ce ta bar tuyar ƙuli-ƙuli, ta bar zuwa biki, ta bar zuwa gaisuwar mutuwa. An yi mata rubutu ta sha, an yi mata hayaƙi, an kawo malami ya yi mata karatu a kunne ko iska ce. Ni abin da na ce, kuma gaban mata na faɗe shi, ƙoshi ne. Miji yana shiga Najeriya yana hitowa da kaya, ɗaki na siminti, ga famfo a ƙofar gida. Macen da ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa itace, ai dole ta samu lokacin kwanciya tana sauraren zuciyarta.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Gazawa. A hanya har na shirya faɗan da zan yi mata.

Da na ɗaga labulen ɗakin na yi zaton wata tsohuwa ce aka kawo jinya. Na tsaya ina neman ɗiyata a ɗakin, alhali ita ce kwance gabana, huskarta ga bango. Wannan mace da take ɗaukar buhun gujiya ita kaɗai, yanzu ana ƙirga haƙarƙarinta ta cikin riga. Gashinta ya dunƙule ya zama kamar tabarmar da ruwa ya ci. Ɗakin yana warin jikin da ya daɗe bai ga sabulu ba. Autarta, yarinya mai shekara biyu da watanni, tana manne da ƙirjinta tana tsotson nonon da babu komai ciki.

Faɗan da na shirya ya ɓace mini. Abin da ya hito daga bakina kawai, "Ke, tashi."

Ta juyo a hankali ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta mayar da kai ga bango.

Surukina ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa, bakin zaure, yana magana yana kallon ƙasa kamar yadda ya kamata. Ya ce ba ta barci. Ya ce abinci sai an tsaya a kanta, loma biyu ta ture. Gabanta yana faɗuwa ba dalili, har ka ga rigarta tana motsi. In yaro ɗaya ya yi jinkirin dawowa daga lakol, wato makarantar boko, sai ka iske ta bakin ƙofa jikinta yana rawa, tana cewa shi ke nan, ba zai dawo ba. Kuma kullum maganarta ɗaya, wai ita ba ta da amfani, wai ya yi haƙuri da ya auro wahala.

Ya ce, "Inna, ba ta faɗa, ba ta zagi. Wallahi da zagina take da na hi samun sauƙi."

Na ce, "Ka kwantar da hankalinka, in zagi kake so ni na iya."

Ya yi ƴar dariya, idonshi da ruwa.

Ni nan take na gano ciwon, a tunanina. Yarinyar nan ce take shanye ta. Shekara biyu da watanni ana shan nono, ina aka taɓa yi? Kuma maganin ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san shi: kaka ta zo ta goya yaro ta tahi da shi garinsu, ya yi wata biyu ko uku yana shan hura da kunu, ya manta da nono, uwa ta huta. Wannan shi ne yaye. Ƴaƴanta biyar na baya ba ta ba ni ko ɗaya ba, duk a ɗakinta ta yaye su, kuma abin ya daɗe yana cina, na ɗauka raini ne. Na ce a raina wannan karon ba shawara zan yi da ita ba. Na faɗa wa mijin, ya ce duk yadda na gani.

Da sahe bayan an karya, na ɗauki yarinyar daga tsakar gida na ɗora a baya na ɗaure da zane. Ta fara mutsu-mutsu tana miƙa hannu wajen ɗaki. Na yi mata abin da kowace kaka take yi. Na jijjiga ta na ce, "Yi shiru ƙawata, ƙosai za mu sayo mu dawo."

Ban kai zaure ba na ji an riƙe mini zane.

Matar da aka ce ta yi sati uku ba ta hito tsakar gida ba, ga ta a ƙasa bisa gwiwoyinta, ta damƙe bakin zanena da hannu biyu. Ban ji tahowarta ba. Bakinta a buɗe, tana jan iska iskar ba ta shiga. Zufa ta jiƙe ta kamar an kwara mata guga. Idonta yana kaina amma na rantse ba ni take gani ba. Sai na ji wata murya ƴar ƙarama, wadda ba tata ba, ta hito daga bakinta.

"Ba za ta dawo ba. Ƙarya take yi. Ba za ta dawo ba."

Na ga mutuwa da yawa a rayuwata, na wanke gawa ta hi goma. Abin da na gani ranar nan na ɗauka hitar rai ce. Na kwance goyon, na ajiye mata yarinyar a jiki, ina salati. Ta rungume ta har yarinyar ta yi ƙara, amma numfashin bai dawo daidai ba. Mijin ya samo motar maƙwabci muka kai ta likita.

Majo, wato babbar ma'aikaciyar wurin, mace ce da ba ta kai ɗiyata shekaru ba. Ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta soke mata yatsa ta duba ko masassarar sauro ce, ta saurari ƙirjinta. Ta ce duk ba ta ga komai ba. Na ce a raina, to ga shi, ai na faɗa. Sai ta ce wa mijin ya jira waje, ta tura ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Iya, ke wace ce tata?"

Ga ɗiyar fari zaune, ga baƙuwar ido tana tambaya. Bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Daga gidansu nake."

Ta ɗauka goggo ce ko inna ta nesa. Ta nuna mini benci a kusurwa ta ce in zauna, in dai mai jikin ta yarda. Ɗiyata ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Majo ta jawo kujera kusa da ita ta fara tambaya a hankali, kamar mai lallashin akuyar da ta tsorata. Tun yaushe barci ya ƙi? Me take ji in gabanta ya faɗi? Akwai abin da yake yi mata daɗi yanzu? Ɗiyata tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Har ta tambaye ta, "Kin taɓa jin gara a ce ba ki duniya?"

Na buɗe baki zan ce a'uzubillahi, wace irin tambaya ce wannan ga musulma. Ɗiyata ta riga ni.

Ta ce, "Kullum. Yaran nan ne kawai."

Na ruhe bakina.

Majo ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce, "Na ji. Kin kyauta da kika faɗa. Uwarki tana raye?"

 Ina jin kukan wani jariri a ɗakin awo.

Ɗiyata ta ce, "Ban da uwa."

"Allah ya ji ƙanta. Tun kina ƙarama ta rasu?"

"Ba ta rasu ba. Tana nan. Ni ce ban da ita."

Tsakanina da ita bai hi taku uku ba. Ba ta dube ni ba, kuma ba da hushi ta faɗa ba. Yadda mutum zai ce ban da akuya, haka ta faɗe shi.

Daga nan ta fara ba da labari, da bakin nan nata na Gobirawa da bai taɓa barinta ba, don can Gidan Sori ta tashi. Ni na san farkon labarin. Tana da shekara biyu uwar mijina ta ce a kai ta yaye wurin yayar mijina, wadda take aure can kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaye ya zama riƙo. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni cewa zan yi a ɗauka, don macen da ta yi gardama a kan ɗan fari ta zama abin zunɗe har ta mutu. Sai da goggon ta rasu aka maido mini ita, tana da shekara goma sha ɗaya. Abin da ya faru tsakani ban taɓa tambaya ba.

Ta ce wa majo, "Ina da shekara bakwai anka yi wani biki garin. Mata sunka zo daga gabas. Wata ta nuna mini wata mai jan kallabi ta ce, waccan ita ta haihe ki. Na sheƙa na rungume ƙafarta. Ta fizge. Ta ce, ɗiyar wa ce wannan mai majina, ku cire mini ita. Mata sunka yi ta dariya, wata har da guɗa."

Jan kallabin nan ina tune da shi. Ranar ma ina tune da ita sarai. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da ita a matsayin ranar da na hita kunyar dangin miji. Uwar mijina da ta ji labari har goro ta ba ni.

Ta ci gaba. "Da sahe za su koma, na bi su har bakin hanya. Ba ta yi mini magana ba. Ta ce wa wata, ku ce mata ta zauna nan gindin aduwa, ƙosai zan sayo mata in dawo. Na zauna. Har rana ta faɗi ina nan. Washegari na koma. Kullum in na faki ido sai in koma. Goggo ta gaji da nemana, sai ta riƙa ɗaure ni ga turke tare da awaki in za ta gona. Tun hantsi har la'asar. Da na bar gudu ma ba ta bari ba."

Ta ɗage zane kaɗan ta nuna wa majo ƙafarta ta hagu. Akwai wani baƙin zobe da ya zagaye idon sawun. Na san tabon nan. Tun ranar da aka maido ta na gan shi, na ce a raina ƙuna ce ko wani ƙurji. Shekara talatin ina ganin shi in tana wanki, in tana lalle. Ban tambaya ba, don tambaya nuna kulawa ce, kulawa kuma rashin kunya ce.

Ta ce, "Da anka maido ni gida na ce yanzu za ta yi mini magana. Sai na iske ƙannena suna hawa cinyarta, tana kiran sunansu, tana cire musu ƙaya. Ni ko ke ce. Na yi ta aiki ko za ta ce sannu. Na ce to, wani abu ne gare ni da ba a so. Har yau in mutum ya hita gida ya ce yanzu zai dawo, sai in ji ƙirjina ya ruhe."

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na ce, "Ni ce."

Majo ta waiwayo. "Ke ce wa, Iya?"

"Mai jan kallabin. Ni na haihe ta."

Tunda nake ban taɓa faɗin wannan magana da bakina ba. Majo ta dube ni, ta dubi ɗiyata, ta ajiye biro. Na ga ita ma abin ya dake ta. Ɗiyata kuwa ƙasa take kallo.

Na so in yi bayani, amma ban iya yi wa ɗiyata magana kai tsaye ba, sai na yi wa majo. Na ce mata lokacin da aka ɗauke yarinyar nonona ya kumbura har na yi zazzaɓi, ina shiga bayan rumbu ina kuka ina cusa zane a baki kada a ji. Na ce mata ranar bikin nan, da motar ta tashi, sai da aka tsaya na yi amai, na ce wa mata warin mai ne. Na ce duk shekara ina sayar da wake in sayi ɗan zane in ba masu zuwa yamma, in ce a ce daga ubanta ne.

Ɗiyata ta ce wa ƙasa, "Na sha zaton Baba ne."

Majo ta ce in zauna. Ta yi mana magana mai tsawo, ba zan iya kawo ta duka ba. Ta ce abin da yake damun ɗiyata ciwo ne kamar kowane ciwo, ciwon damuwa da fargaba, kuma yana da magani. Ta ce ba lalaci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne. Ta ce abubuwa da yawa suna kawo shi, ba za ta ce abu ɗaya ne ba, amma yaron da ya tashi cikin tsoro, ba wanda zai gudu wurinshi, sau da yawa tsoron yana zama a jikinshi ya jira shi har ya girma. Haihuwa a kai a kai da gajiya sai su taso da shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ƴar nan, ke ɗiyar lakol ce. Duk haka aka yi mana. Ni ma ɗiyar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, wurin kakata na tashi. Ga ni, na mutu?"

Ta ce, "Ba ki mutu ba, Iya. Ke gabanki ba ya faɗuwa?"

Na yi niyyar in ce a'a. Sai na tuna jiƙon kanwar da nake sha tun ina budurwa saboda wani abu da yake tokare mini ƙirji, wanda nake ce wa ciwon ciki. Na tuna duk ranar kasuwa in ƴaƴana suka tahi, ba na iya cin abinci sai na ƙirga su sun dawo, in rufa su da faɗa. Mutane suna cewa halina ne, tsohuwa mai masifa. Ni ma haka na ɗauka.

Na ce mata, "Wannan ba ruwanki." Ta ce to.

Ta rubuta takarda ta ce a kai ta babban asibiti a Maradi, akwai masu duba irin wannan ciwo. Ta ce kada a bar ta ita kaɗai, kada a yi mata faɗa, kuma kada wanda ya sake taɓa maganar ɗauke yarinya. In lokacin yaye ya yi, a yi shi a gida, gaban uwar. Wannan ta ƙarshe ni ta kalla ta faɗe ta.

Mun je Maradi bayan kwana biyu. An ba ta ƙwayoyi, an ce ba za a ga aikinsu ba sai an yi makonni, an sa mata ranar komawa. Bayan rasuwar maigida na shiga karatun manya, ina da jikoki na koyi baƙaƙe, su a da ba, ana yi mini dariya. Ranar nan ya yi mini rana. Takardar da faransanci take, amma lamba lamba ce, na sa aka faɗa mini na rubuta da hausa a bayan kwalin: ɗaya da sahe, bayan ta ci abinci. Ni na riƙe maganin, ni nake ba ta.

Na aika gida na ce matar ɗana ta nemi masu tone ayar, abin da ya samu ya samu. Ta aiko wai ƙasa tana bushewa, rabi zai lalace. Na ce ya lalace.

Sati na farko ba mu yi wata magana ba. Ina dama mata hura, in ajiye, in ce, "Ga shi." Wata rana ta sha, wata rana ta bari ƙuda ya sha. Ina so in ce wani abu, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Mutum ya shekara arba'in yana kau da kai, wuyanshi ba ya juyowa rana ɗaya.

Ranar wata Laraba da la'asar na ga ta hito ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana sosa kai. Na ɗauko man gujiya da tsinke da mashaci, na jawo kujera na zauna bayanta. Na ce, "Matso." Ta waiwayo ta dube ni kamar ba ta gane hausar ba. Na ce, "Kan nan naki ko mahaukaciya ta hi ki. Matso." Ta matso ta zauna tsakanin ƙafahuna.

Da na sa hannu cikin gashinta sai na ji jikinta ya sandare. Ni ma nawa haka. Rabon da in taɓa kan nan tun tana da shekara biyu. Ƙannenta mata duk ni nake yi musu kitso har suka yi aure, ita kuwa maƙwabta nake tura ta. Na iske furfura a gehen kunnenta. Ɗiyata ta yi furfura ban sani ba.

Ina cikin tsifa wata maƙwabciyarsu ta shigo aron rariya, tsohuwa sa'ata, ƴar wajenmu ce ta san ni tun muna amare. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Yau na ga abin da ya hi ƙarhina. Ke ce da ɗiyar fari tsakanin ƙafahu? Tsufa ya cinye kunyar?"

Na ce, "Ya cinye. Ke da taki kunyar take nan, ina naki ɗan farin? Shekara nawa rabon da ya leƙo ki?"

Ta ce, "Bakinki dai bai tsufa ba." Ta ɗauki rariyar ta hita tana ƙunƙuni. Na san kahin magariba labari ya zagaye unguwa, kahin Juma'a ya kai Gangara.

Na ji kafaɗun ɗiyata suna motsi. Na ɗauka kuka take, na leƙa. Dariya ce, ƴar kaɗan, ta farko da na gani tunda na zo. Ba ta daɗe ba ta ɗauke.

Na ci gaba da tsifa. Da yake bayanta nake, ba ta ganin huskata, sai maganar ta zo mini da sauƙi. Na ce, "Ban san da turken ba."

Ta ce, "Na sani."

"Da na sani da na zo."

 Can ta ce, "Da ba ki zo ba, Yaya. Da kunya ta hana ki."

Na so in yi gardama. Na duba cikina na ga gaskiya ta faɗa. Da an zo an ce mini ana ɗaure ta, da na shiga bayan rumbu na yi kuka, na hito na ci gaba da daka. Wannan ya hi duk abin da na ji a likita yi mini ciwo, kuma ban da wanda zan kai ƙara. Uwar mijina ta mutu, goggon ta mutu, matan da suka yi dariyar saura ɗaya ko biyu, su ma ba su gani sosai.

Na ce, "Haka ne."

Yanzu wata na huɗu ke nan ina Gazawa. Tana shan magani, tana komawa Maradi in ranar ta zo, akwai wata ma'aikaciya can da suke zama su yi magana. Barci ya fara zuwa. Tana wanka, ranar Lahadi har ta soya ƙuli-ƙuli kaɗan na gida. Amma akwai ranakun da take wayewa da bango, ko sannu ba ta amsawa, in zauna bakin ƙofa ina tsinkar zogale har ta juyo. An yaye autar a gida, da kunu da haƙuri, yarinyar ta yi kwana uku tana zaginmu da yarenta ta haƙura. Abin da na rubuta nan ɗiyata ba za ta karanta ba, ba a sa ta lakol ba, wannan ma da hannuna ciki.

Shekaranjiya ina yi mata kitso na kasa haƙuri. Na ce, "Ke, in majo ta sake yi miki tambayar nan ta uwa yau, me za ki ce mata?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "Ban sani ba tukuna."

Na ji abin har cikin haƙorana. Da can da na ce mata marar kunya, na tattara kayana na nemi kabu-kabu. Na ɗebo mai na shafa a tsagar da na yi.

Na ce, "To. Sunkuyo, saura layi uku."

Ta sunkuyo.